Tambaya: Wane gidan namun daji ya fi dacewa a kai 'yan firamare a Jos?

Malama Hauwa, Unguwar Rogo

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida iyayena da malamaina da sauran 'yan'uwa da ke wannan zaure. Ni malamar firamare ce, ina riƙe da 'yan aji biyar, kuma shugabar makarantarmu ta amince mu fita da yara ziyarar ƙaro ilimi kafin hutun ƙarshen zango. A darasin kimiyya na wannan zangon muna kan rabe-raben dabbobi ne, wato masu shayarwa da tsuntsaye da masu jan ciki, shi ya sa na kawo shawarar a kai su gidan namun daji. Da muka zauna da sauran malamai sai ra'ayi ya rabu biyu. Wasu sun zaɓi tsohon gidan zu da ke jikin gidan tarihi a tsakiyar gari, wasu kuma sun ce gandun namun daji na Wildlife Park da ke Tudun Wada, kan hanyar Miyango, shi ya fi.

Ina neman shawarar waɗanda suka san wuraren biyu: wanne ya fi dacewa da yara 'yan shekara goma zuwa sha ɗaya, waɗanne dabbobi ya kamata mu fi mayar da hankali a kansu, kuma ta yaya za a tsara tafiyar yadda yaran za su dawo da ilimi, ba ihu da gajiya kaɗai ba? Akwai kuma wata magana da ta tsaya mini a rai. Mahaifin ɗaya daga cikin yaran ya aiko cewa bai yarda ɗansa ya je ba, domin a ganinsa kulle dabbar daji a keji zalunci ne, kuma kai yara kallonta koya musu rashin tausayi ne. Na girmama maganarsa, ina kuma son in ji yadda manya ke kallon wannan batu kafin in ba shi amsa.

Malam Sani, Gangare

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri, domin ba kowane malami ke yarda ya ɗauki nauyin fita da yara ba. Na sha kai ɗalibai wuraren nan biyu kafin in yi ritaya, saboda haka ga abin da zan iya cewa.

Da farko, wuraren ba iri ɗaya ba ne, kuma ba hukuma ɗaya ke riƙe da su ba. Tsohon gidan zu ɓangare ne na gidan tarihin Jos, wanda Baturen nan masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya kafa a 1952, aka kuma ƙara masa wurin dabbobin a cikin shekarun 1950 ɗin. Yana ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta Gwamnatin Tarayya. Shi kuwa gandun na Tudun Wada an kafa shi ne a 1972, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, lokacin ana jihar Binuwai da Filato a haɗe, kuma gwamnatin jiha ce ke kula da shi. Faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 8, da duwatsu da itatuwa da hawa da sauka, wanda ke nufin tafiyar ƙasa mai yawa ga ƙananan yara da kuma malaman da za su riƙa ƙirga su.

Ni dai tsohon gidan zu zan zaɓa, saboda yaro zai ga dabbobi ya kuma ga tarihin ƙasar da yake takawa a fita ɗaya. A gidan tarihin akwai gumakan yumɓu na mutanen Nok, waɗanda shekarunsu suka haura 2,000. Masu haƙar kuza ne suka fara tono irinsu a 1928 kusa da ƙauyen Nok da ke kudancin Kaduna, sannan a farkon shekarun 1940 aka kawo wa Fagg wani kai daga yankin Jama'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya daɗe da kafawa a gonarsa ta doya a matsayin mutum-mutumi. Ki sa yaran su dubi idanun gumakan da kyau: kusan duka masu kusurwa uku ne, an kuma huda ƙwayar idon. Ki gaya musu cewa waɗannan maginan ba mutane kaɗai suka siffanta ba, har da giwa da biri da maciji, wato dabbobin da suke gani a dajin da ke kewaye da su. Wannan kaɗai ya isa ya haɗa miki darasin tarihi da na kimiyya.

Daga nan sai ku zaga wurin gine-ginen gargajiya da ke maƙwabtaka, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, da bakan-gizonsa na ƙasa da azara. Akwai kuma tsofaffin kawunan jirgin ƙasa, ciki har da na ƙaramin layin dogon da ya haɗa Zariya da Jos don jigilar kuza, wanda aka rufe a 1957. Yara maza ba sa son barin wurin nan.

Dakta Bilkisu, Bukuru

Malam Sani, Allah ya ƙara maka lafiya, bayaninka ya gamsar, sai dai ina neman izini in saɓa maka a abu ɗaya. Ni likitar dabbobi ce, kuma idan darasin na dabbobi ne, na fi son a kai yaran gandun Tudun Wada, a ware wa gidan tarihi ranarsa daban. Idan aka haɗa su a rana ɗaya, yara za su gaji kafin su isa wurin dabbobin, su bi keji-keji da gudu, su fito ba su riƙe komai ba sai sunaye. A gandun akwai fili, dabbobi da yawa suna kan ƙasa da ciyawa a tsakanin duwatsu, yaro zai ga yadda suke tafiya da yadda suke neman inuwa.

Malama Hauwa, shawarata mafi girma ita ce kada ki yi ƙoƙarin nuna musu komai. Ki je ke kaɗai kafin ranar, ki gana da ma'aikatan, ki ga dabbobin da ke nan a halin yanzu, domin dabba tana tsufa, tana mutuwa, ana kuma kawo wata. Sai ki zaɓi guda biyar ko shida, ki sa yaran su tsaya a gaban kowace ɗaya na aƙalla minti goma, da littafi da fensir a hannu, su rubuta ko su zana abin da idonsu ya gani. Ku isa da hantsi, kafin rana ta take, saboda da tsakar rana yawancin dabbobi kwanciya suke yi.

Ki fara da kada. Za ku same shi a bakin ruwa ya buɗe baki, ko ƙifta ido ba ya yi, har yara su fara gardamar ko yana da rai, kuma a daidai nan ne wani zai sunkuya ya ɗauki dutse. Kafin hakan ta faru ki tambaye su dalilin da ya sa ba ya motsi. Jikin kada ba ya samar da ɗumin kansa kamar namu, sai ya sha rana kafin ya sami kuzari, idan zafi ya yi masa yawa kuma ya buɗe baki ya sha iska ko ya koma ruwa. Jos tana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200 daga doron teku, saboda haka da sanyin hunturu kada da mesa da kunkuru sun fi yin laƙwas a nan fiye da yadda za a gan su a Kano ko Lakwaja. Abin da ke ba yara mamaki shi ne, ɗumin ramin da kada ta binne ƙwanta shi ke sa 'ya'yan su fito maza ko mata.

Sai jimina, wadda ita ce tsuntsuwa mafi girma a duniya. Ki ce su ƙirga yatsun ƙafarta, za su tarar biyu ne kacal, babba mai ƙaton farce da ƙarami a gefe, alhali kazar gidansu huɗu gare ta. Ba ta tashi, amma tana iya gudun kilomita 70 a awa, ƙwanta ɗaya kuma yana kai kilo ɗaya da rabi. Namijin baƙi ne da fararen gashi a fukafukai da jela, macen kuwa ruwan ƙasa ce mai toka-toka. Tana haɗiyar tsakuwa don niƙa abinci a cikinta, tana kuma kai cafka ga duk abin da ke ƙyalli, don haka a ja 'yan mata masu 'yan kunne baya daga waya, kada kuma a yar da marfin kwalba ko leda a kusa da ita.

Kura ita ce na fi son yaranmu su tsaya a kanta, saboda sun riga sun san ta a tatsuniya a matsayin matsoraciya mai kwaɗayi wadda Gizo ke yi wa wayo kullum. Su dubi yadda ƙafafunta na gaba suka fi na baya tsawo, da kaurin wuyanta, da faɗin muƙamuƙinta. Da wannan muƙamuƙin take farfasa ƙashin da zaki ya bari, har kashinta yakan bushe ya yi fari saboda yawan ƙashin da ta ci. Kura mai dabbare-dabbare ba mushe kaɗai take jira ba, mafarauciya ce ta gaske, kuma a garkensu mace ce ke shugabanci, ta kuma fi namiji girma.

Zaki kuwa, ki shirya zukatansu tun daga aji cewa da wuya su gan shi yana ruri. Ko a daji yakan kwashe har awa 20 a rana yana hutawa, saboda haka kwanciyarsa ba lalaci ba ce, ba kuma dalilin yi masa ihu ba ce. Idan kun je wurin giwa, su lura da 'yan tsinkayen nama biyu da ke bakin hancinta, waɗanda take tsintar ƙaramin abu da su, da yadda take kaɗa kunnuwa don rage zafin jiki. Cikinta wata 22 ne, babbar giwa kuma tana iya cin kilo 150 na ganye da ciyawa a rana.

Game da tsaro, abu biyu ba na sassauci a kansu. Kada yaro ya miƙa wa biri abinci, ko da ayaba ce, domin biri yana cizo, kuma akwai cututtukan da ke ratsawa tsakaninsa da mutum ta kowane ɓangare. Murar yaro ma tana iya kwantar da shi. Na biyu, kada kowa ya tsallake shingen farko don ɗaukar hoto. Hausawa sun ce damisa ƙi sabo, kuma haka duk naman daji yake, komai daɗewarsa a hannun mutane.

Auwal, Rikkos

Ina gaida Malam da Hajiya Dakta. Ni ƙarami ne a cikinku, amma ina tare da mahaifin yaron nan, kuma ina ganin bai kamata a wuce maganarsa da sauri ba. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa an azabtar da wata mata saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Idan wannan hukuncin kyanwa ne, ina ga zakin da Allah ya halitta don ya yi ta yawo a dajin da ido ba ya ganin ƙarshensa?

Na taɓa shiga gidan zu a wani gari da ba zan ambata ba, na tsaya a gaban wata kura da ke kai da kawowa a jikin waya. Taku kaɗan take yi ta juya, ta dawo, ta sake juyawa a daidai wuri ɗaya, har sawunta ya goge simintin ya yi santsi, ruwan da ke kwaminta kuma ya yi kore. Mutane suna ta dariya suna cewa rawa take yi. Tun daga ranar raina bai ƙara kwanciya da irin waɗannan wurare ba. Idan ana son yara su ga halittar Allah a inda take, ga Yankari a jihar Bauchi, ga Pandam a kudancin jiharmu, ga kuma dajin Amurum a Laminga, nan kusa da mu, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta Jami'ar Jos take. A yankin nan ne aka gano wani nau'in ƙaramin tsuntsun nan baiwar Allah mai zama a duwatsu, wanda masana ba su bayyana shi ba sai a 1998. Tsuntsun da ke tashi da kansa ya fi koyar da yaro fiye da wanda aka kulle.

Baba Garba, Dilimi

Ɗana Auwal, Allah ya yi maka albarka, tausayinka na gaskiya ne, kuma abin da ka gani a jikin kurar nan ciwo ne, ba rawa ba. Amma ka sake duba hadisin da ka kawo. Laifin matar shi ne ta tsare kyanwar ta kuma hana ta ci da sha. Da tsarewa kaɗai ce laifi, da ba mu ɗaure akuya a turke ba, da ba a ajiye aku ko tantabara a gida ba. Abin da ke kan wanda ya tsare dabba shi ne haƙƙinta: ci, sha, inuwa, magani, da fili gwargwadon halittarta. Wanda ya kasa sauke wannan, to ba shi da hujjar riƙe ta, ko gwamnati ce.

Ni a ƙauye na tashi, a wajen Toro. Muna yara, kukan kura da dare ba baƙon abu ba ne, shi ya sa ake shigar da awaki tun kafin magariba. Gauraka kan sauka a fadama bibbiyu da tukkunsu mai ruwan zinariya, gada da barewa kuma har bakin gona suke zuwa. Yau jikokina ba su taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba. Noma ya cinye dajin, masu gawayi sun sare itatuwan, bindiga ta ƙarasa abin da ya rage. Kurar da yaran birni suka sani ita ce ta gardawa, da takunkumi a baki da sarƙa a wuya, ana jan ta a kasuwa, kura da shan bugu gardi da amsar kuɗi. Idan wannan ne kaɗai abin da yaro ya gani, da wane ido zai dubi naman daji idan ya girma?

Yankari wuri ne mai kyau, amma tafiyar awoyi ce daga Jos, da kuɗin mota da na kwana, kuma yawancin iyayen yaran Unguwar Rogo ba za su iya ba. 'Yata Hauwa, ki kai su inda ƙarfinku ya kai. Ki kuma gayyaci mahaifin yaron ya bi ku, ya gani da idonsa. Idan ya ga abin da bai dace ba, ya rubuta wa hukumar wurin da sunansa, ku ma malamai ku sa hannu. Wurin da jama'a suka daina zuwa ba a sakin dabbobinsa su koma daji, a nan suke zama, ba mai ganin halin da suke ciki balle ya yi magana.

Malama Hauwa, Unguwar Rogo

Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma. Na gode Malam Sani da Dakta da ƙanena Auwal. Na karanta wa shugabarmu duk abin da kuka rubuta, mun kuma tsayar da cewa za mu je gandun Tudun Wada da safe, mu tsaya a kan kada da jimina da kura da zaki da giwa, sannan a kai yaran gidan tarihi a zango mai zuwa kamar yadda Malam ya tsara. Maganar Amurum ma ta shiga ran malamin 'yan aji shida. Mahaifin yaron ya amince zai bi mu, amma ya ce shi zai yanke hukunci a kan ɗansa bayan ya ji amsar tambaya ɗaya: me tsare zaki a Jos yake ƙara wa zakunan da ke daji? Dakta, ina roƙon ki amsa masa. Sannan wasu malamai suna son a daidaita zuwanmu da lokacin da ake ba zaki abinci, shin hakan ya dace?

Dakta Bilkisu, Bukuru

Malama, ki gaya masa tambayarsa tana kan hanya, kuma ba zan yi masa ado a amsar ba. Zakin da aka haifa a keji ko ya daɗe a ciki ba ya komawa daji, domin bai iya farauta ba, ya kuma saba da mutane, wanda hakan haɗari ne gare shi da su. Saboda haka zamansa a Jos ba ya ƙara yawan na daji kai tsaye. Binciken da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma gaba ɗaya ba su wuce kimanin 400 ba, a Nijeriya kuma ba a tabbatar da su ba sai a Yankari da gandun Tafkin Kainji. Abin da zai cece su shi ne tsare waɗannan dazuzzuka daga masu farauta da masu shiga da shanu. Amfanin na keji shi ne yaron da ya tsaya a gabansa ya ji nauyin numfashinsa, aka kuma gaya masa adadin da ya rage, yana iya zama ma'aikacin gandun daji ko likitan dabbobi ko ɗan majalisar da zai kare kasafin wurin. Akwai kuma birai da tsuntsaye da ake ƙwacewa daga hannun masu fataucinsu, ko 'ya'yan da aka kashe uwayensu, waɗanda ba su da wurin zuwa sai irin waɗannan gidaje. Kai da kawowar da Auwal ya gani alama ce ta ƙuncin wuri da rashin abin yi, ana kuma rage ta da faɗaɗa fili, da sa kututture da wurin ɓuya, da ɓoye abinci yadda dabbar za ta neme shi da kanta.

Batun lokacin ciyarwa kuwa, ban ba da shawara ba. Babban zaki yana bukatar kilo 5 zuwa 7 na nama a rana, kuma lokacin ba shi abinci ne ake buɗe ƙofofi, hankalin ma'aikata kuma ya kamata ya kasance a kan aikinsu kaɗai. Mutanen Jos ba su manta da watan Disamba na 2015 ba, lokacin da zaki ya kuɓuce daga kejinsa a gandun, a daidai lokacin ciyarwa kamar yadda kafafen labarai suka ruwaito, gari ya shiga fargaba, daga ƙarshe jami'an tsaro suka harbe shi. Maimakon haka, ki roƙi ɗaya daga cikin masu kula da dabbobin ya zauna da yaran a inuwa ya ba su labarin aikinsa, ya kuma nuna musu gashin jimina da ya zube, ko ƙayar beguwa, ko saɓar mesa idan suna da ita a ajiye. Waɗannan yara za su iya taɓa su, muddin kin tanadi ruwa da sabulu su wanke hannu kafin su buɗe abincinsu.